Fuskar Zara da Akwatin Wuta

Gure, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Ibram, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in ban da ƙafar Ya Kaka da ta sake tashi. Abba da Inna suna gaishe ka. Ni ma ina gaishe ka, amma gaisuwar wajibi ce kawai, don raina a ɓace yake.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ka san salulata tana kulle a akwatin Abba sai na gama jarrabawar birebe, tun ranar da ya kama ni ina karanta littafin soyayya a cikinta. In ka kira tasa kuwa a gabansa ake magana, wannan kuma ba zancen da zan yi a gabansa ba ne. Shi ya sa na ba Husseini direba.

Kart girafik ɗin, katin nan mai sarrafa hoto da ka aiko don kwamfutar shagonka na hoto, ya iso. Na sa shi yadda ka zana mini, na jona 'yar wayar nan mai baki biyu da ka haɗo da shi. Da farko har albarka na sa maka. Bidiyon sabuwar kamera, wanda tsohon kart yake ja da ƙyar, ya shiga tafiya sumul. Sai na zauna haɗa fim ɗin bikin Zara.

Ka san abin da Zara take a wurina. Tun muna ƙanana littafi ɗaya muke karantawa, kanta jingine da nawa. Akwai abin da muka daɗe muna faɗa wa juna: ranar buɗar kanta, in aka ɗaga lafaya daga fuskarta, furanni za su zubo daga sama. A Gure ina aka ga furanni masu zubowa? Amma a kwamfuta akwai. Na sa su, ja da fari, na sa 'yan taurari, na kewaye fuskarta da wani haske mai laushi, na rage gudun hoton yadda hannun da ke ɗaga lafayar zai tafi a hankali. Hoto ɗaya-ɗaya na dinga dubawa a tsaye, ban kunna wurin ba, don ina so mu fara gani tare da ita.

Ranar Alhamis matan gidan ango suka zo kallo. Na rufe ƙofa, na saki labule. Ga uwar ango Rashidu, ga ƙannensa, ga Zara, ga kuma Inna Kaltumi, gwaggon ango, wadda in ta yi magana a gidan nan ba mai tari. Aka wuce lalle, aka wuce rawa, ana ta shewa. Aka zo buɗar kai. Hannu ya ɗaga lafaya, haɓar Zara ta fito, fure na farko ya sauko, sai ɗif! Kwamfuta ta mutu. Na ɗaga kai, fankar sama tana juyawa, ba wutar gari aka ɗauke ba. Na sake kunnawa. Daidai wurin nan ta sake mutuwa. A karo na uku har da wani wari kamar na ƙonanniyar roba.

Inna Kaltumi ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce, “Ikon Allah! Ƙarfe ma ya ƙi ɗaukar fuskar nan. Ku tashi mu tafi, ni na ga abin da na zo gani.”

Zara ta ja lafayarta ta rufe fuska.

Yaya, yanzu duk unguwa cewa ake Zara farar ƙafa gare ta. Tunkiyar Rashidu ta mutu a garin Kelle, tunkiyar da take tari tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, an ce Zara ce. Injin ban-ruwa na lambunsu da ke kwari ya lalace, an ce Zara ce. Inna Kaltumi ta hana ta taka lambun, ta hana ta kusantar garke, kuma ta fara zancen a mayar da ita gidansu “ta ɗan huta”. Ka san inda irin wannan hutun yake ƙarewa.

Me ka aiko mini? Ka ba ni amsa da motar farko.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Biba

*

Yamai, ranar Laraba

Biba 'yar littafi,

Wa alaikumus salam. Ina amsa gaisuwar wajibi. Ki gaishe mini da su Abba, ki ce wa Ya Kaka man shafawarta yana nan tafe.

Na karanta takardarki a tasha, sai da na duba bayanta ko akwai littafi na biyu. Kart ɗin nan ba shi da laifi. Sabo ne ful a kwalinsa, kuma mai shagon ya rantse mini ba kwamfutar da ba ya shiga. Tsohon ma da na taho da shi na ba da shi a musaya, kada ki ce in dawo da shi. Ko dai ƙura ce ta cika injin, ko kuwa littattafan da kike zubawa a ciki ne suka kwaso mana cuta.

Ga abin da za ki yi. Ki cire furannin nan da taurarin. Fim ɗin biki aka ce ki yi, ba mafarki ba. Wa ya taɓa ganin fure yana zuba a kan amarya a ƙasar da akuya ke cin kwali? In kin cire ya ƙi, ki naɗe kwamfutar a bargo ki ba Husseini ya sauke ta wurin abokina Jibirilla, mai gyara a bakin kasuwar Damagaram. Ya kunna fim ɗin ya ga inda take mutuwa, cikin wuni ɗaya zai gane.

Zancen Zara kuwa maganar mata ce, da kanta za ta mutu. Rashidu yana son matarsa. Ke dai ki riƙe karatunki, kuma kada Abba ya ji an yi warin ƙuna a shago.

Yayanki,
Ibram

*

Gure, ranar Asabar

Yaya Ibram,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Ya Kaka ta ce man shafawarka tun bara yake tafe, da raƙumi ne da ya kai Makka ya dawo.

Ban taɓa ɗaga maka murya ba, ko a takarda, amma yau za ka yi haƙuri. Ƙura? Ni da nake hure injin nan duk Juma'a har ina atishawa? Littattafaina kuwa na takarda ne, suna ƙarƙashin katifata, ban san ta ina tari zai kama kwamfuta daga can ba.

Furanni ba zan cire ba. Matan nan sun ga fure na farko da idonsu. In na kira su suka ga babu, Inna Kaltumi cewa za ta yi na ɓoye wani abu, ko an yi wa injin tofi. Sai fim ɗin nan ya wuce a gabanta yadda ya mutu a gabanta, ba a taɓa komai ba, sannan bakinta zai rufu. Kuma furannin ba nawa ba ne, na Zara ne.

Sai maganar in naɗe kwamfuta in aika wa wani namiji ya kunna. Yaya, da bakinka? Kafin in fara zama a shagon nan, wace mace ta taɓa barinka ka ɗauki cikin gida? A ƙofa kake tsayawa kana ɗaukar maza suna cin shinkafa a ƙarƙashin rumfa. Ni suka bari na shiga, saboda na yi musu rantsuwa idon namiji ba zai sauka a kansa ba, har da naka. A cikin fim ɗin nan uwar Rashidu ta yi rawa ba ɗankwali. Matan aure sun zubar da mayafai suna juyi. Wannan ne zan ɗora a saman mota ya tafi bakin kasuwa?

Ka ce maganar mata ce. Jiya na leƙa Zara. Ita kaɗai take cin abinci a ɗaki, don ƙannen mijin sun daina sa hannu a kwano ɗaya da ita. Lallen hannunta ko gogewa bai yi ba, amma zobenta ya fara yi mata yawa. Rashidu yana sonta, gaskiya ne, amma a gaban gwaggonsa ƙasa yake kallo. A littafi da tuni ya miƙe ya yi magana. Na lura mazan Gure ba sa karanta littafi.

Tunda ba za ka taimake ni ba, ni zan rubuta wa Jibirillan naka da kaina. Ban taɓa rubuta wa namijin da ba muharramina ba ko harafi. Na nuna wa Inna, ta ce neman gyara ba laifi ba ne.

Ka huta lafiya.
Biba

*

Gure, ranar Asabar

Zuwa ga Malam Jibirilla, mai gyaran kwamfuta a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, mai tafe da fatan wannan 'yar takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar zuciya, ku da iyayenku da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarku. Yaya aiki, yaya jama'a, yaya zafin gari? Allah ya sa albarka a hannuwan da ke rayar da abin da ya mutu.

Ba ku san ni ba. Sunana Biba, ƙanwar abokinku Ibram mai shagon hoto a Gure. Ku gafarce ni da na shigo muku ba zato. Da akwai wata ƙofa da ban ƙwanƙwasa taku ba.

Yayana ya aiko da sabon kart girafik, na sa. In ana kallon hotuna ko ƙaramin aiki, lafiya lau. Amma akwai wuri ɗaya a wani fim ɗin biki, inda na sa furanni da taurari da haske a kan fuskar amarya. Da an zo wurin sai kwamfuta ta mutu ɗif, kuma sau ɗaya ta yi warin roba. Tun daga ranar ban sake kunna ta ba. Saboda haka mutane suna cewa amaryar ce ba ta da sa'a, har aurenta yana rawa. Ƙawata ce, Malam, wadda nake ji kamar raina.

Ba zan iya aiko da kwamfutar ba, akwai amanar mata a cikinta. Sai dai na buɗe murfinta na kwafo muku duk rubutun da idona ya gani: na kwalin kart ɗin, na babban allon ciki, da na takardar da ke manne a jikin akwatin ƙarfen nan mai fanka. Na kuma zana muku 'yar wayar da na jona. Suna cikin ɗaya takardar.

Ina roƙon ku da girman Allah ku duba. Ina nan ina sauraron motar Husseini kamar mai jiran hadarin farko.

Ku huta lafiya. Mai girmama ku,
Biba

*

Damagaram, Talata

Malama Biba,

Salam. Ina gaisuwa.

Na ga takardar. Ba fuska ba ce, ba fure ba ne, wuta ce. Akwatin ƙarfe mai fanka shi muke kira alimantasiyo, shi ke raba wuta ga duk abin da ke cikin kwamfuta. Ƙarfin naku wat 300 ne, ke kika kwafo. A kwalin kart ɗin an rubuta yana son akwatin da bai gaza wat 650 ba, shi ma ke kika kwafo. Kart ba ya jan wuta da yawa in aikin mai sauƙi ne. In aka zo wuri mai nauyi sai ya ja da ƙarfi, akwatin ya kasa, ya kashe kansa don kada ya ƙone. Kamar ƙaramin gurup, wato janareta, ne aka jona masa firiji. Da a kan fuskar jaki kika sa furannin, nan ma za ta mutu.

Wayar mai baki biyu ita ta yi wari. Ki cire ta ki jefar. Kin yi daidai da ba ki sake kunnawa ba.

Ga akwati mai wat 650 na ba Husseini. Zancen kuɗinsa tsakanina da Ibram ne. Ba sai na ga fim ba.

Ki zare wayar bango tukuna. Ki ɗauki hoton cikin da kamera kafin ki cire komai. Noti huɗu ne a baya. Kada ki kwance tsohon akwatin don ganin cikinsa, ko a zare yake yana riƙe wutar da ke kashe mutum. Akwai wayoyi biyu masu baki takwas, sun yi kama. Wadda aka rubuta PCI-E ita ce ta kart, ɗayar ta babban allo ce. In waya ta ƙi shiga, ba wurinta ba ne, kada ki danna. In ta shiga za ki ji ƙas.

Ki bar furannin.

Wassalam,
Jibirilla

Rubutunki yana karantuwa. Amma wasiƙar ta yi tsawo.

*

Gure, ranar Alhamis

Yaya Ibram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, su Abba suna lafiya, sun ce a gaishe ka.

A jikin kwalin aka rubuta, Yaya! A jikin kwalin da ka ɗauko da hannunka daga shago ka kai tasha. Kart ɗin wat 650 yake nema, akwatin wutarmu 300 ne. Ka sayo doki ka ɗaure shi a turken ɗan akuya, sannan ka ce littattafaina ne. Ina jiran takardar ban-haƙuri, kuma ina so ta cika shafi.

Abokin naka kuma, wane irin mutum ne? Na zauna na tsara masa gaisuwa, na yaga, na sake, har sai da ta yi daɗin karantawa. Ka san abin da ya mayar mini? “Salam. Ina gaisuwa.” Shi ke nan! Bai tambayi lafiyar kowa ba. Ya haɗa fuskar Zara da ta jaki a layi ɗaya. A ƙarshe ya ce wasiƙata ta yi tsawo. Na karanta ta sau da yawa, don in tabbatar da zancen wayoyin ne kawai, ban tsinci kalma ɗaya mai laushi ba. Sai dai ya ce in bar furannin. Wannan kam ya fi ka.

Akwatin ya iso jiya da yamma. Kafin ya iso, ƙanwar Rashidu ta gaya mini an tsayar da magana: jibi Asabar za a raka Zara gidansu. Ban san lokacin da na zura hijabi ba. Ni da in baƙo ya yi sallama nake ɓuya bayan randa, sai ga ni a tsakar gidan Inna Kaltumi, tana zaune tana tsince dabino a faifai.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, ranar Juma'a bayan la'asar ku zo ku ga fim.”

Ta ce, “Wane fim? Wanda ya suma?”

Na ce, “Ba Zara ba ce, Inna, akwatin wuta ne ya yi ƙanƙanta.”

Ta ce, “Ke 'yar nan, ashe kina da baki? Akwatin ya ɗauki fuskata, ya ɗauki ta uwar ango, ya ɗauki ta mata ɗari, sai a kan mutum ɗaya ya tuna shi ƙarami ne?”

Wallahi na so in yi mata bayanin wat, sai na fasa. Na ce kawai, “In ya sake mutuwa, ku faɗi duk abin da kuke so, har a kaina.”

Ta jefa dabino a baki, ta ce, “Zan zo. Amma ba za a cire ko tsinke ba. Har furen nan ina son ganinsa.”

Yau da safe na yi aikin. Ya Kaka ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai da abin da ke wari ba, ta dogara sandarta ta biyo ni, ta zauna a bakin ƙofa tana jan carbi tana cewa, “Ku da kuka sa wa ƙarfe ciki, yanzu kuma kuna mamakin ya ji yunwa.” Na ɗauki hoto, na kwance notuna, na fitar da tsohon. 'Yar wayarka mai baki biyu kuwa, bakinta ɗaya ya narke ya yi baƙi. Na adana maka ita, tsarabarka ce. Waya ɗaya ta ƙi shiga, na kusa dannawa, sai na tuna, na juya ta na ga ba ta wurin ba ce. Da na sa ta daidai na ji ƙas, sai da na ce alhamdulillahi da ƙarfi har Ya Kaka ta firgita.

Na kunna, ta tashi. Na buɗe fim ɗin, na nufi wurin buɗar kai don in gwada, sai aka ɗauke wutar gari. Har yanzu da nake rubutun nan ba a dawo da ita ba.

Ka ga inda nake. Ban gwada ba. In an kawo wuta gobe, wataƙila a gabansu zan fara gani. In kuma aka sake ɗaukewa daidai lokacin da lafaya ta ɗaga, ba wat ɗin da zai ceci Zara. Ka yi mana addu'a, ita ce kaɗai abin da za ka iya aikowa ba tare da ka karanta kwali ba.

Ƙanwarka,
Biba

*

Gure, ranar Asabar

Malam Jibirilla,

Salam. Ina gaisuwa.

Jiya an kawo wuta matan gidan ango suna kan shigowa. Lafaya ta ɗaga, furanni suka zubo har na ƙarshe, fuskar Zara ta cika allon, fanka tana ta juyawa. Inna Kaltumi ta ce a mayar. Na mayar. Ta ce a sake. A na uku ta ce, “Furannin nan sun yi yawa, sun rufe sarƙar da na ba ta.” Sannan ta juya ta ce wa Zara, “Ke kuma kin zauna kina kuka, wa zai taya ni tsinkar dabino gobe?”

Yau da za a raka ta gidansu, tana lambunsu na kwari. Na hango ta a bayan amalanke tana ɗaga mini hannu.

Na gode. Ga gajera. Ba sai kun amsa ba. In kuwa za ku amsa, a Gure ana tambayar lafiyar mutanen gida.

Wassalam,
Biba